Kofin Ruwa a Bakin Shinge

Akwai ranar da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba, kuma duk sa'ad da na tuna ta sai in ji kamar jiya abin ya faru. Wata Asabar ce a watan Afrilu na shekarar 2019, a wani wurin gini da ke gefen Dir'iyya, can bakin birnin Riyadh. Ni ba mai ilimi ba ne, karatuna bai wuce firamare da ɗan abin da na samu a makarantar allo ba, don haka zan faɗi abin ne yadda na gan shi, har da inda na yi ba daidai ba.

A lokacin ina tuƙa motar ruwa, wadda a can ake kira wayit. Ina kwana a unguwar Suwaidi tare da wasu 'yan uwanmu Hausawa, da sassafe in cika tanki in nufi wurin aikin. Wani ƙaramin kamfani ne yake gina gidajen hutu a wajen, ni kuma ba ma'aikacinsu ba ne. Kafilina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, daban ne, shi ne mai motar, kwangilar kai ruwa kawai ya karɓa. Ku riƙe wannan, don shi ya raba makomata da ta mutumin da zan ba ku labarinsa.

Mutumin tsoho ne ɗan Pakistan, magini, ya ba sittin baya. Kowa Mu'allim yake ce masa, saboda a aikin dutse babu wanda ya kama ƙafarsa a wurin. Shi kuwa Nijeriya yake kirana, kamar ni kaɗai ne ɗan ƙasar a duniya. Da gurɓataccen Larabcin nan na leburori muke magana, wanda Balarabe kansa sai ya saurara da kyau kafin ya gane, amma mu muna fahimtar juna sarai. Da rana yakan zo inuwar motata ya ci gurasarsa, ni kuma in yi ta tsokanarsa. Ina da baki, wannan aibina ne tun ina yaro, kuma shi ya jawo abin da ya jawo.

Wata rana muna zaune sai ya ce, "Nijeriya, ranar Asabar mai zuwa ina son ka taho mini da ƙanƙara. Babba, ba ta wasa ba."

Na ce, "Mu'allim, aure za ka ƙara ne ba ka gayyace mu ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ruwa zan raba."

"Ruwa? Ga tanki guda a bayanka kana jingine da shi. Sana'ata za ka ƙwace?"

Ya ajiye gurasar, ya kakkaɓe hannunsa, ya ce in saurara. Abin da ya gaya mini ke nan.

Kakansa manomi ne a ƙasar Punjab, tun Indiya da Pakistan suna ƙasa ɗaya a hannun Turawan Ingila. A watan Afrilu na 1919, babban yaƙin duniya na farko bai daɗe da ƙarewa ba, ya kora shanunsa zuwa birnin Amritsar don cin kasuwar bikin girbi. Da yamma ya shiga wani fili da gine-gine suka kewaye, mai ƙofa ɗaya 'yar siririya. Mutane sun cika wurin, wasu sun zo sauraron masu jawabi a kan zaluncin gwamnati, wasu hutawa kawai suke yi da 'ya'yansu. Sai wani hafsan Bature ya zo da sojoji, suka tare ƙofar, ya ba da umarni aka buɗe wuta ba tare da an ce wa kowa ya watse ba. Aka yi ta harbi har harsashi ya kusa ƙarewa. Masu neman tsira suka yi ta faɗawa rijiya, wasu suka mutu a jikin bango suna ƙoƙarin haurawa.

Ya ce, "Kakana bai mutu nan take ba. A cinya aka same shi. Amma an sa dokar hana fita, ba wanda ya isa ya je ya ɗauki nasa. Wani da ya rayu shi ya gaya wa kakata cewa yana kwance kusa da shi, ba abin da yake roƙo sai ruwa. Har ya cika ba a ba shi ba."

Lokacin mahaifin Mu'allim yana goye. Kakar ta yi alkawari tsakaninta da Allah cewa duk shekara in ranar ta zagayo, daga la'asar zuwa faɗuwar rana, wani daga jininta zai tsaya ya shayar da mutane da hannunsa, kuma ba zai hana kowa ba, ko wane ne. Ta yi har ƙarfinta ya ƙare, ɗanta ya karɓa, ko da aka raba ƙasa suka yi hijira zuwa Lahore ba su fasa ba. Yanzu abin ya rage a hannun Mu'allim. 'Ya'yansa sun ce tsohon yayi ne. Kuma Asabar ɗin nan shekara ɗari ke nan cif.

Kunya ta kama ni. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da na tambaye shi ko sojojin duk Turawa ne, sai ya girgiza kai ya ce, "Bature umarni kawai ya bayar. Masu riƙe da bindigogin mutanen yankinmu ne, masu cin albashi kamar ni da kai." Na tuna yadda tsofaffin garinmu suke ba da labarin 'yan uwanmu da Bature ya sa wa kaki ya tura su kan nasu. Da na koma gida na sa wani ɗalibi da muke zama tare ya bincika mini a waya, ya karanta mini. Duk gaskiya ne. Har ya ƙara mini da cewa a daidai watannin nan manyan ƙasashe suna zaune a Faris suna zancen zaman lafiya da 'yancin al'umma, suna rarraba ƙasashen mutane a kan tebur, Misirawa kuma suna kan titi ana harbinsu don sun ce Bature ya tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. A baki zaman lafiya, a hannu bindiga, kuma har na girma na yi furfura ba wanda ya taɓa gaya mini.

Ranar Asabar na zo da ƙanƙarar kamar yadda na yi alkawari. Shi kuma ya zo da wata tsohuwar kula da kofin silba guda, ya ce kofin na mahaifinsa ne. Amma tun da hantsi muka ga wurin ya canja. Ana shara, ana shimfiɗa jan kafet daga bakin titi zuwa gidan da aka gama na gwaji, an kawo tukwanen furanni an jera. Ashe masu kuɗin aikin ne za su zo dubawa tare da baƙinsu.

Mudir, wato shugaban wurin, mutum ne da in ya ga na sama da shi sai ya narke, in ya juyo kanmu kuma ya zama zaki. Bayan azahar ya tara kowa ya ce baƙi ba za su zo su ga mutane cikin ƙura da yagaggun riguna ba. Ya sa aka kora leburori da magina gaba ɗaya cikin filin ajiye kaya, wanda aka kewaye da dogon shingen kwano, ƙofarsa ɗaya. Ya ce 'yan mintoci ne kawai. Mai gadi ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Ni kuma ya nuna mini bayan shingen ya ce, "Kai da wannan mummunar motar taka, can. Kada in ji ƙarar inji, kada in ga fuskarka."

Na ce to. Ko uffan ban ƙara ba. Bakin da nake taƙama da shi, a nan ya mutu.

Baƙi ba su zo da wuri ba. Rana ta yi ta dukan kwanon nan, wurin ba inuwa sai gefen kwantena guda. Ɗan tankin shan da ke ciki dama da yamma nake cika shi, kafin la'asar ya ƙafe. Ina zaune a mota ina jin mutane suna buga ƙofa suna kiran mai gadi, shi kuma yana ce musu ba shi da izini. Mutane masu iyali, waɗanda suka ɗora kowane dutse na ginin da za a zo a yi alfahari da shi, an kulle su kamar awaki don kada idon mai kuɗi ya faɗa kansu. Har yau in na tuna sai na ji kamar in fasa wani abu.

Da aka kira la'asar sai na ji ana ƙwanƙwasa kwanon daidai inda na ajiye mota. Akwai wata 'yar tazara tsakanin kwano biyu, na leƙa na ga idon Mu'allim.

Ya ce, "Nijeriya, lokaci ya yi."

Na ce, "Mu'allim, ka ji abin da mudir ya ce."

"Na ji. Ƙanƙarata tana wajenka, ruwa yana wajenka. Turo mini tiyo ta ƙasa."

"In na tayar da inji zai ji. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, saura kaɗan ta ƙare, in kafilina ya yi fushi ba zai sabunta ba. Ka bari baƙin su zo su tafi, ai rana ba ta faɗi ba."

Ya ce, "Akwai wani ɗan Bangaladesh nan ya zauna, jiri yake ji. Ba don kakata kaɗai nake roƙonka ba."

Na sake cewa ya yi haƙuri. Allah ya yafe mini, sau biyu na hana shi. Na koma mota na rufe ƙofa, ga ruwa tanki guda a bayana, ga mutane suna ƙishi taku kaɗan daga inda nake. Sai maganarsa ta dawo mini, masu cin albashi kamar ni da kai. Na ji na tsani kaina. Na sauko, na ga ashe ba sai na tayar da inji ba, tunda motar tana kan tudu. Na kwance tiyo, na tona ƙasan shingen da hannu na tura shi ciki, na fasa ƙanƙarar na miƙa masa gutsure-gutsure ta tazarar nan, na buɗe famfo.

Ta wannan tazara na kalli abin. Ya cika kularsa, ya yi bismilla, ya tsaya da kofin a hannu. Mutanen da suke ta hayaniya suka yi layi da kansu. Ba ya barin kowa ya ɗiba, shi zai cika ya miƙa, in mutum ya sha ya ɗauraye ya sake cikawa. Ɗan Bangaladesh ɗin aka fara ba. Wani Bamisire ya ce, "Baba, ka ba mu tiyon mana mu sha mu huta." Ya ce, "Yau da hannuna za ka sha, gobe ka sha da tiyo." Aka yi dariya. Leɓunansa suna motsi, na san addu'a yake yi wa mutumin da bai taɓa gani ba.

Abin da ban lura da shi ba, ruwan da ke zuba daga bakin tiyon yana bin gangare. Ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, ya ratsa ƙasa, ya je ya jiƙa gefen jan kafet ɗin nan. A daidai lokacin motocin baƙi suka iso.

Na zagayo in janye tiyon, sai na gan su tafe, mudir yana gaba yana ta washe baki. A cikinsu akwai wani Bature matashi, fuskarsa ta yi ja saboda rana. Shi ya fara ganin ruwan, ya bi shi da ido har bakin ƙofa, ya ji muryoyi, ya matso ya leƙa ta saman kwaɗon. Ban san me ya tambaya ba. Abin da na gani, hannun Mu'allim ya fito ta tsakanin ƙyauren da ginshiƙi, riƙe da kofin a cike. Baturen ya karɓa ya shanye, ya yi godiya, ya mayar. Sannan ya juya ya tambayi mudir da Turanci, kuma ko ni na gane tambayar: me ya sa mutanen nan suke a kulle?

Mudir ya ce wai don lafiyarsu ne, saboda motoci. Ya sa aka buɗe ƙofa. Yana shiga ya tarar da tsohon da kofi a hannu, sai ya kai wa hannun duka, kofin ya faɗi cikin taɓo. Ya ce masa cikin ƙasa da murya, "Wa ya ba ka izini, jaki?"

Mu'allim ya sunkuya ya ɗauki kofinsa, ya goge da gefen rigarsa, ya ce, "Ka yi haƙuri, mudir. Laifina ne. Saura kaɗan rana ta faɗi, ka bar ni in ƙarasa."

Wallahi na ga mudir ya fara sassautowa, don yana son maganar ta mutu kafin baƙi su ƙara tambaya. Da na kama bakina, da wataƙila a nan ta tsaya. Amma ganin tsohon nan yana ba da haƙuri, da kofin mahaifinsa cikin taɓo, sai wani abu ya taso mini. Na shiga tsakaninsu na ɗaga murya, da Larabcina na kasuwa, a gaban kowa. Na ce wa mudir shi ne jakin, shi da ya kulle bayin Allah a rana ba ruwa don kafet. Na ce ni na turo tiyon, in yana da abin yi ya yi da ni. Ban tsaya nan ba. Na juya kan Baturen na nuna shi da yatsa, na ce kakanninsa ne suka kashe kakan tsohon nan a rana irin ta yau, suka hana shi ruwa, shi kuma ya zo ya sha nasa ba kunya. Ban ma san ko ɗan Ingila ne ba. Fatar kawai na gani.

Wani daga cikin baƙin ya fassara masa. Baturen ya tsaya kamar an dasa shi. Manyan suka kalli juna, suka juya suka koma motocinsu, ko gidan gwajin ba su shiga ba. Mudir ko ta kaina bai bi ba. Kallon da ya yi wa Mu'allim kawai na gani, kuma tun a nan na san a kansa abin zai ƙare.

Shi kuwa tsohon, da kowa ya watse, ya koma bakin kularsa ya ci gaba da miƙa ruwa ga waɗanda ba su samu ba, har aka kira magariba. Mai gadin da ya kulle su ma ya zo, ya ba shi.

Ni abin da ya same ni kaɗan ne. Mudir ya kira kafilina, kafilina ya zazzage ni tas, ya mayar da ni kai ruwa wani wuri a unguwar Nasiriyya, shi ke nan. Mudir ba shi da iko a kaina. Amma Mu'allim iƙamarsa a hannun kamfanin take. Kafin mako ya zagayo aka rubuta cewa ya tayar da fitina a wurin aiki, aka buga masa takardar fita daga ƙasar ta dindindin. Mutumin da ya ba ƙasar nan ƙuruciyarsa, wanda yake da 'ya mace da yake shirin aurarwa da aikin nan, aka sallame shi saboda ya ba masu ƙishi ruwa. Wanda ya kulle su kuwa yana nan a kujerarsa har na baro ƙasar. Wannan ba zan taɓa cewa daidai ne ba, ko wa zai tambaye ni.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je ɗakinsu. Na same shi yana ɗaure kaya. Na durƙusa na ce ya yafe mini, bakina ne ya kore shi.

Ya ce, "Tashi, Nijeriya, kana tare mini hanya." Da na tashi sai ya dube ni ya ce, "Tiyon da ka turo, Allah ya saka maka. Abin da ka gaya wa mudir, gaskiya ne, ko da yake ni na biya. Amma yaron nan me ya yi maka?"

Na ce, "Mu'allim, kai ba ka ji komai ba da ka ba shi? Bayan abin da suka yi muku?"

Ya ce, "Kakata ta ce kada a hana kowa. Ba ta ce sai an duba fuska ba. Ita da aka kashe wa miji ta faɗi haka, kai da ka ji labarin makon jiya ka fi ta fushi?"

Na ɗaukar masa jaka zuwa mota. Tun daga ranar ban sake ganinsa ba, lambar da ya ba ni ma daga baya ta daina shiga.

Fushin bai bar ni ba. Ina jin haushin hafsan da ya tare ƙofa ya ce a harba, ina jin haushin waɗanda suka ɗaga bindigar don albashi, ina jin haushin mudir da ire-irensa da suke ganin talaka datti ne da ake ɓoyewa in baƙi za su zo. Ban tuba daga wannan haushin ba, kuma ba na fatan in tuba. Abin da na tuba daga gare shi biyu ne: shirun da na yi lokacin da ake sa kwaɗo, sa'ad da magana za ta yi amfani, da ihun da na yi bayan an buɗe, sa'ad da wani ne zai ɗauki nauyinsa. Na koyi cewa kafin in buɗe baki don kare wani, in fara tambayar kaina wa za a kama in na gama, ni ko shi. In shi ne, to, ba ni da ikon yin jarumta da abincin 'ya'yansa.